Hita, lagireto da wata-fam: yadda za ka bi sawun ruwan motarka

Yawancin motocin da ke kan titunanmu an ƙera su ne don ƙasashen sanyi, suka shigo mana ta Kwatano ko Legas ɗauke da hita. Da yake a Kano, Sakkwato ko Maiduguri zafi kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, mai mota kan yi shekaru bai taɓa maɓallin hitar ba, shi dai AC ta yi sanyi. Amma hitar nan ba ita kaɗai take zaune ba. Ruwan da ke sanyaya inji shi ne ke ratsa cikinta, kuma wata-fam ɗin da ke kai ruwa lagireto shi ne ke kai mata. Wanda ya fahimci wannan, da tafin hannunsa da maɓallin hita zai iya gano yawancin abin da ke sa mota zafi kafin a kwance noti ko ɗaya.

Mataki na farko: ka san hanyar da ruwan ke bi

A cikin man da inji ke ƙonawa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin juya taya. Wani kason ya fice ta salansa, sauran kuma ya maƙale a jikin ƙarfen injin, kuma dole a kwashe shi. Don haka aka huda hanyoyi a cikin bulok da kan silinda, ruwa na zagaya su yana ɗebe zafi.

Wata-fam ne mai turawa. A cikinsa akwai farfela mai fukafukai da ke juyawa, tana jawo ruwa ta tsakiyarta tana wurga shi gefe zuwa cikin bulok. Gudunsa ya danganta da gudun inji: a silo yana turawa a hankali, in ka taka totur ya ƙara. Riƙe wannan, za mu dawo kansa. A wasu motoci fanbel ɗin waje ke juya shi, kamar Peugeot 504 da Corolla mai injin 1.8 na shekarun 2003 zuwa 2008. A wasu kuma taimin bel ne, wato bel ɗin ciki da ke daidaita motsin bawul da fistin, kamar Peugeot 406 da Camry mai injin 2.2. Akwai kuma masu na lantarki, irin Prius daga 2010.

Daga kan silinda ruwan zafi yana da mafita biyu. Babbar ita ce ta lagireto, wadda tamostat ke tsare da ƙofarta. Tamostat ƙaramin bawul ne mai kakin zuma na musamman a ciki. Idan ruwa ya kai zafin da aka rubuta a jikinsa, galibi tsakanin digiri 78 da 90 (na Toyota da yawa 82 ne), kakin ya narke ya kumbura ya buɗe ƙofar. Kafin nan ruwa ba ya zuwa lagireto, a cikin inji yake ta kewayawa don ya yi saurin ɗumama.

Ƙaramar mafitar ita ce ta hita. Ka duba bangon da ya raba inji da cikin mota, za ka ga tiyo biyu masu kaurin babban yatsa, milimita 16 zuwa 19, sun shige ciki kusa da juna. Ɗaya na kai ruwa, ɗaya na dawo da shi bakin wata-fam. A ƙarshensu, can ƙarƙashin dashbod, akwai ƙaramin lagireto, shi ne zuciyar hitar. Fankar cikin mota ke hura iska ta jikinsa, iskar ta fito da ɗumi. A yawancin motocin yanzu wannan hanya ba ta jiran tamostat, kuma a buɗe take kullum ko ka kunna hita ko ba ka kunna ba. Abin da maɓallin ke juyawa wata 'yar ƙofa ce da ke karkata iska ta bi ta kan ƙaramin lagireton ko ta kauce masa. Tsofaffin motoci da wasu ƙalilan ne ke da bawul a jikin tiyon.

Abubuwa biyu suka sa hita ta zama mai ba da labari. Bututun cikinta sun fi na ko'ina ƙanƙanta, don haka ita datti ke fara toshewa. Sannan a motoci da yawa tana zaune a sama-sama, ke nan in ruwa ya ragu ko iska ta shiga, ita ke fara bushewa, tun allurar geji ba ta motsa ba.

Mataki na biyu: binciken safe, inji a sanyaye

Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Murfin nan yana riƙe matsi na wajen 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin da ake kira ba (bar), kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120. Da ka saki murfin matsin ya tafi, ruwan da ya riga ya wuce digiri 100 ya tafasa nan take ya feso maka a fuska da hannu. Mutane da yawa sun ƙone a bakin hanya ta haka. A wuri mai tudu irin Jos, ruwa a buɗe yana tafasa tun wajen digiri 96, don haka mataccen murfi ya fi nuna kansa a can.

To, da safe kafin ka tada mota, buɗe bonet. Duba robar ajiyar ruwa, ya kasance tsakanin layin ƙasa da na sama. In motarka na da murfi a kan lagireton kansa, buɗe shi ma, ruwa ya zama ya cika har wuya. Robar na iya zama cike alhali lagireto ya yi ƙasa, idan murfin ya daina zuƙo ruwa baya. Juya murfin ka kalli robobinsa: in sun tsattsage ko sun ƙandare, ko sifirin ya saki, sayi sabo mai lamba ɗaya da tsohon. Kayan gyara kaɗan ne suka kai shi araha, kaɗan ne kuma suka kai shi kashe inji.

Sa yatsa a wuyan lagireto ka ga abin da ya biyo shi. Ruwa mai tsabta kore ne ko ja ko ruwan hoda ko shuɗi, garai-garai. Ja-ja mai kama da ƙasa tsatsa ce. Maiƙo a saman ruwa, ko kuma baƙin mai da ya koma fari-fari mai kauri a jikin sandar awo, wannan ba maganar wanke lagireto ba ce, sai a duba gaskit ɗin kan silinda ko na'urar sanyaya mai.

Daga nan sai wata-fam. A ƙasan jikinsa akwai wani ɗan rami da masu ƙera shi suka bari da gangan, don in sil ɗin ciki ya fara mutuwa ruwa ya fito ta nan maimakon ya shiga boris. Haska tocila. Ɗan busasshen tabo ba komai ba ne. Amma layin farin ɓawo ko mai launin ruwan hoda da ya gangaro, ko ɗigo a jiƙe, alamar kwanansa ya ƙare. In na fanbel ne, kama fulin da hannu biyu, inji a kashe, ka girgiza shi gaba da baya. Bai kamata ya yi lilo ko kaɗan ba. Na taimin bel a rufe yake, sai dai ka duba ƙasan murfinsa ko ruwa na tsattsafowa.

Kafin ka rufe bonet, shiga mota ka ɗaga kafet na gefen fasinja ka dafa soson ƙasa. Danshi mai santsi a yatsa da wani zaƙi-zaƙi a hanci, ƙaramin lagireton hita ne ke yoyo. In ruwan fari ne fes ba wari, wataƙila tiyon zubar da ruwan AC ne ya toshe.

Mataki na uku: tada inji, ka saurari hita

Rufe murfi, tada mota, kashe AC, juya maɓalli zuwa ƙarshen ja, fanka a lamba ɗaya ko biyu. Tsaya gefe, hannun riga a naɗe, ka nisanci fanka da bel, don fankar lantarki kan tashi ba sanarwa.

Cikin mintuna kaɗan tiyon hita ya kamata su fara ɗumi, babban tiyon lagireto na sama kuma ya zauna da sanyinsa. Sai can, idan allura ta kusa tsakiya, ka ji ya ɗau zafi kusan lokaci guda: tamostat ya buɗe. In tun farko yana ɗumama a hankali tare da inji, to tamostat ya maƙale a buɗe ko kuma an cire shi. In allura ta wuce tsakiya lagireto yana nan da sanyi, ya maƙale a rufe, ko ruwa ba ya tafiya, kashe mota.

Yanzu dafa tiyon hita biyun, a taƙaice don suna ƙuna. In duka sun yi zafi, na dawowa bai kai na shiga ba da ɗan kaɗan, kuma iska mai ɗumi na fitowa a ciki, to ruwa na zagayawa lafiya, wata-fam na aiki. In na shiga ya yi zafi jau, na dawowa kuma ɗumi-ɗumi ko sanyi, hitar ta toshe, kuma ka ɗauka dattin da ya toshe ta yana cikin lagireto ma. In duka suna da zafi amma iskar sanyi ke fitowa, ruwa ba shi da laifi, 'yar ƙofar iskar ce ko ɗan injin lantarkin da ke juya ta.

Wanda ya fi buƙatar natsuwa shi ne wannan: a silo hita na hura sanyi, da ka ba motar wuta zuwa juyi 2,500 a minti sai ɗumi ya zo, ka saki totur ya sake tafiya. Ka tuna gudun wata-fam na bin gudun inji. Ma'anarsa ƙarfin turawar a silo bai isa ya kai ruwa can ba. Mafi yawan lokuta ruwa ne ya yi ƙasa ko iska ta maƙale, kuma wani lokaci za ka ji ƙarar kwararar ruwa a bayan dashbod in ka tashi mota. Idan ka cika ruwa ka fitar da iska abin bai canza ba, sai zargi ya koma kan farfela. Ta ƙarfe, tsatsar ruwan rijiya kan cinye fukafukanta har su zama guntaye. Ta roba, irin wadda ke cikin wasu Volkswagen da BMW, takan tsage ta saki sandarta, sanda na juyawa ita tana tsaye. Daga waje wata-fam ɗin lafiya lau, ba yoyo ba ƙara, mota kuma na zafi. Nan ne ake ɓata kuɗi ana canza lagireto da fanka a banza.

Wannan ilimin na da amfani a kan hanya. In allura ta fara hawa a gosulo ko a hawan tudu, kashe AC, buɗe gilasai, kunna hita da fanka har ƙarshe. Ƙaramin lagireton zai rage wa inji wani zafin har ka sami wurin tsayawa. Amma in allura na ja, hita kuma na hura sanyi, ruwa ya ƙare ko ya daina tafiya. Tsaya nan take ka kashe inji. Kilomita ɗaya na iya lanƙwasa kan silinda.

Maganar cire tamostat

A garejinmu abu ne da aka saba: mota na shigowa daga waje a ce a cire tamostat, a haɗa fanka dairek, wai an yi su ne don ƙasar ƙanƙara. Ban yarda da wannan ba, kuma ga dalili. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 100, ko a Jamus yake ko a Agadas. Tamostat mai lafiya in ya buɗe ba ya hana lagireto aikinsa. In aka cire shi, inji kan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asuba a lokacin hunturu ko a doguwar hanya, kwamfutar injin kuma ta ci gaba da ƙara masa mai tana ganin har yanzu da sanyi. Mai ya tafi, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya yi saurin lalacewa. Sannan injuna da yawa tamostat ɗinsu faifai biyu gare shi: yana buɗe hanyar lagireto yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke kewayawa a cikin inji. Ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani ruwan zafin ya riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. Mota mai zafi akwai abin da ke damunta, shi ya kamata a nemo.

Gwada shi ba wuya. Rataya shi da zare a tukunyar ruwa a kan wuta, kada ya taɓa gindin tukunya. Ya fara buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ya buɗe sosai wajen milimita 8 zuwa 10, ya rufe ruf in ya huce. Wajen mayarwa, in yana da ɗan ƙaramin rami mai ƙusa tana lilo, wannan ramin ya kalli sama, ta nan iska ke wucewa.

Mataki na huɗu: wanki da zuba sabon ruwa

Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da ma'adinai da ke daskarewa in sun sha zafi, kamar farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi. Ga kuma tsatsa. Kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman, na gaskiyarsa yana ɗauke da magungunan hana tsatsa masu kare alminiyam, ƙarfe da sil ɗin wata-fam. Haɗin rabin kulant da rabin ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 107 a buɗe, ya kusa 129 a ƙarƙashin murfi mai kyau. Mu ba ƙanƙara muke gudu ba, tsatsa da tafasa muke gudu. Kada ka zuba tsantsarsa ba sirki, don ruwa ya fi shi ɗaukar zafi. Karanta jikin galan: wani an riga an sirka shi, wani sai ka sirka da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ba mai asid aka ba ka ba. Launi kuma ba shi ne shaida ba. Kasuwa cike take da ruwan da kala kawai aka zuba masa. Nemi irin wanda littafin motarka ya ambata, kuma kada ka gauraya iri biyu. Tsohon samfurin kore ana canza shi duk shekara biyu, mai daɗewa irin ruwan hoda na Toyota yana kai kilomita 80,000 ko shekara biyar bayan canjin farko.

Inji a sanyaye, sa roba a ƙasa, buɗe magudanar gindin lagireto ko ka cire tiyon ƙasa. Abin da ya fito guba ne mai zaƙi-zaƙi, yana kashe ƙoda. Kada ka bar shi a kwano a tsakar gida inda yara, awaki ko kaji za su kai gare shi, kada kuma ka zuba shi a gorar lemo.

Don wanke hitar, matse kilif da filaya ka ja shi baya, ka murɗa tiyon a hankali har ya saki. Kada ka fizge shi: bakin bututun da ke ciki roba ne ko siririn alminiyam, in ya karye sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Sa tiyon ruwan famfo a bakin da ruwa ke fitowa, ruwan ya bi ta baya ya koro dattin ta bakin shiga. Da farko zai fito ja da gudaji-gudaji, can ya washe. Juya ka yi ta ɗaya ɓangaren, ka sake komawa baya. Ƙarfin famfon gida ya isa. Injin wankin mota zai fasa ta.

In hitar ta riga ta huje kuma ba halin gyara yanzu, ana iya haɗe tiyon biyu da lanƙwasasshen bututu ruwa ya wuce kai tsaye. Haɗewa ta fi toshewa, don a wasu injuna wannan hanyar ce ruwa ke kewayawa kafin tamostat ya buɗe. Tabbatar tiyon bai karye a lanƙwasa ba. Ka dai san ka rasa abin share hazon gilashi da damina, da kuma mai ba ka labarin ruwa.

Mataki na biyar: fitar da iska

Nan aiki mai kyau ke lalacewa. Ajiye motar hancinta na kallon tudu, ko ka ɗaga gabanta da jek, don wuyan lagireto ya fi hita tsayi. Maɓallin hita a ƙarshen ja. Zuba ruwa siriri a hankali, kana mammatsa babban tiyo. Motocin Peugeot da wasu na Turai suna da ƙananan sukurorin fitar da iska a kan tiyon hita ko gidan tamostat. Buɗe su har ruwa ya fito ba kumfa, sannan ka rufe. Tada inji murfi a buɗe, ka riƙa ƙarawa in ya sauka. Idan tamostat ya buɗe za ka ga ruwan ya faɗa ƙasa lokaci guda, cika shi. Ba ta wuta kaɗan-kaɗan, jira hita ta hura ɗumi a silo kuma kumfa ta ɗauke, sai ka rufe murfi ka bar ta har fanka ta tashi ta tsaya da kanta.

In kumfar ta ƙi ƙarewa, tana ta fitowa jere a jere, ko babban tiyo ya yi tauri minti ɗaya da tada inji mai sanyi, ga farin hayaƙi a salansa da ba ya wucewa, hayaƙin silinda ne ke kutsawa cikin ruwa. Gaskit ke nan, sai bakanike.

Idan wata-fam ne za a canza

Na fanbel aikin awa ɗaya ko biyu ne a motoci da yawa. Na taimin bel kuwa a canza su tare, har da tenshona mai riƙe bel ɗin a miƙe, don aikin kwancewar ɗaya ne, kuma wata-fam da ya ƙame yana iya tsinka bel ɗin, a wasu injuna fistin ya daki bawul. Tsaya a kan bakaniken ya kankare tsohon gaskit tas ba tare da ya ƙwarzane alminiyam ba, kuma kada ya lafta gam. Rarar da ta matso ciki takan ɓalle ta je ta toshe hita. A ɗaure notoci a giciye, kaɗan-kaɗan. Kada a ja bel ya yi tauri fiye da kima, boris ke biya. Kada kuma a tada inji sabon wata-fam a bushe, sil ɗinsa da ruwa yake samun santsi. Ka ce a ba ka tsohon ka kalli farfelarsa: in tsatsa ta cinye ta, a wanke lagireto da hita kafin a zuba sabon kulant, in ba haka ba dattin zai ci sil ɗin sabon.

Bayan an gama, duba robar ajiya kowace safiya har kwana uku, inji a sanyaye. Ranar farko takan ɗan sauka saboda ragowar iska, ka cika zuwa layi. In ta ci gaba da sauka bayan nan, akwai inda ke yoyo, sai a sa famfon gwajin matsi a wuyan lagireto a nemo wurin.